Yadda Na Bi Haƙƙina Bayan An Kore Ni Daga Aikin Koyarwa

Shekara 14 na yi ina koyarwa a makarantun firamare na ƙaramar hukumarmu kafin a kore ni, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa buɗe littafin ƙa'idojin aikin gwamnati ba, ban kuma taɓa jin wani abokin aiki ya ce ya karanta shi ba. Na san manhaja, na san rajistar ɗalibai, na san ranar da albashi yake shiga, amma ban san abin da doka ta tanadar wa malami ba idan aka wayi gari aka ce ya tafi gida. Wannan rashin sani ya kusa raba ni da aikina har abada, domin saura kwana 4 kacal ƙofar shari'a ta rufe a lokacin da muka shigar da ƙara. Ina rubuta abin da ya faru ne daki-daki saboda malamai da masinjoji da masu gadin makarantun gwamnati, waɗanda wata rana takarda irin tawa za ta iya zuwa hannunsu.

A watan Oktoba na 2021 na yi hatsarin babur a hanyar dawowa daga makaranta, na karye a cinya, aka kwantar da ni a babban asibitin gwamnati na tsawon mako 7. Yayana ya kai wa hedimasta takardar likita, hedimasta ya karɓa ya ce zai tura ta ofishin sakataren ilimi, ya kuma zo ya duba ni har sau biyu. Ina kwance ne aka turo kwamitin tantance ma'aikata, aka bi makarantu ana kiran suna, duk wanda bai bayyana da kansa ba aka sa masa alama. Ban damu ba da na ji labari, domin a ganina kowa ya san inda nake. A watan Janairu na 2022 na koma aji ina dogara sanda, na ci gaba da sa hannu a littafin zuwa aiki, amma da wata ya ƙare abokan aikina suka ga albashi ni ban gani ba. Hedimasta ya ce matsalar kwamfuta ce, za a gyara. Wata na biyu ma ya wuce shiru. Ranar Laraba 9 ga Maris aka kira ni ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, na zauna a kan benci tun ƙarfe 9 na safe har bayan azahar, sannan wani akawu ya miƙo mini ambulan ya ce in sa hannu a littafi. Na sa hannu ba tare da na rubuta kwanan wata ba, kuma wannan shi ne kuskurena na farko. Takardar layi 5 ce, tana cewa an kore ni daga aiki saboda ƙaurace wa wurin aiki ba da izini ba, kuma kwanan watan da ke samanta 14 ga Fabrairu ne, wato ta yi fiye da mako 3 a ofishin kafin a ba ni.

Ba zan iya bayyana nauyin da na ji a ƙirjina ba a hanyar komawa gida. Ina da mata da 'ya'ya 6, ga bashin asibiti, ga azumi yana ƙaratowa. Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowannenmu yake yi, wato bin manya. Na je wurin kansila, na je wurin hakimi, na je gidan wani ɗan siyasa da aka ce maganarsa tana shiga, kowa ya tausaya mini ya ce in yi haƙuri zai yi magana. Ban zarge su ba, domin na yi imani da yawansu sun yi niyyar taimakona, sai dai duk maganar baki ce, babu wadda ta shiga fayil. Mako 2 na ɓatar a haka. Wanda ya farkar da ni wani dattijo ne da muke sallah a masallaci ɗaya, tsohon jami'in kula da ma'aikata da ya yi ritaya. Bayan sallar la'asar ya ce in kawo masa takardar, ya sa tabarau ya karanta ta sau biyu, sannan ya tambaye ni: "Malam, an ba ka takardar tuhuma kafin wannan?" Na ce masa: "Baba, ban ga komai ba sai wannan." Ya ce: "An kira ka gaban kwamitin ladabtarwa?" Na ce a'a. Ya ninke takardar ya ce: "To, ɗana, ka daina yawo gidajen mutane, maganarka ta takarda ce, kuma lokaci yana tafiya."

A zaman da muka yi da shi ranar ne na fara fahimtar cewa barin aiki iri-iri ne, kuma kalmar da aka rubuta a takarda ita ce take yanke makomar mutum. Akwai ritaya, ko ta ganin dama ko ta dole, wadda mutum yake tafiya da haƙƙoƙinsa. Akwai sallama, wadda ake kawo ƙarshen aiki ba tare da an jingina wa mutum babban laifi ba. Sannan akwai kora, wadda ita ce hukunci mafi tsanani, domin a ƙa'idojin aikin gwamnati wanda aka kora yana rasa haƙƙoƙin barin aiki, kuma tabon yana binsa duk inda ya nemi aikin gwamnati. Saboda tsananinta ne ƙa'idojin suka gindaya matakai kafin a kai gare ta: a ba ma'aikaci takardar tuhuma, wadda muka saba kira kweri, a bayyana laifin da ake zarginsa da shi, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce, wanda a ƙa'idojin tarayya awa 72 ne, idan kuma amsar ba ta gamsar ba a kafa kwamiti ya saurare shi, ya ga takardun da ake kafa hujja da su a kansa, ya kawo shaidunsa. Baba ya ce tushen wannan duka shi ne sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ya kuma lura da wani abu da ni ban gani ba, wato sakataren ilimi ne ya sa hannu a takardar, alhali a tsarin jiharmu ikon ladabtar da malamin da ya kai mataki na 07 zuwa sama yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ni kuwa ina mataki na 09.

Shi ya taimaka mini muka rubuta takardar ɗaukaka koke zuwa ga shugaban hukumar jiha, ta hannun sakataren ilimi kamar yadda tsarin aiki ya tanada. Ya hana ni zuba ɓacin rai a ciki, ya ce shafi ɗaya ya isa: ranar hatsari, ranar kwanciya da ranar sallama daga asibiti, ranar da na koma aiki, da bayanin cewa ba a taɓa tuhumata ko saurarona ba, sai roƙon a janye korar. Muka haɗa kwafin takardar ɗaukar aiki, da takardar tabbatar da ni a aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar NCE, da shaidar rajistata da hukumar yi wa malamai rajista ta TRCN, da takardun albashi na wata 6. Rahoton likita ne ya ba ni wahala, domin ainihin takardar da yayana ya kai makaranta ba mu yi kwafinta ba, kuma da na nema aka ce ba a gan ta ba. Sai da na koma asibiti da katina, na biya kuɗin neman rahoto, na yi zuwa 3 kafin sashen adana bayanai ya fito da fayil ɗina likita ya rubuta sabon rahoto mai hatimi. Hedimasta ya yi mini halacci, ya bari na yi fotokwafin shafukan littafin zuwa aiki na Janairu da Fabrairu, inda sa hannuna yake kowace rana. Da na kai takardar ofis, na tafi da kwafi biyu, na tsaya a kan lallai sai an buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa. Akawun ya so ya ce in ajiye kawai, na ce masa: "Yallaɓai, a taimaka a buga mini, ba zan iya tafiya ba sai da shi." Wannan hatimin na ranar 30 ga Maris ya yi mini amfani ƙwarai daga baya.

Daga nan na nufi ofishin ƙungiyar malamai ta NUT, wadda shekara 14 ana cire mini kuɗinta daga albashi. Shugaban reshen ƙaramar hukuma ya ba ni takarda zuwa sakatariyar jiha, can kuma na tarar ba ni kaɗai ba ne, akwai mutum da dama da tantancewar ta shafa, kowa da irin matsalarsa. Sakataren ya bayyana mini cewa idan kora ta shafi dubban malamai a lokaci guda ƙungiya ce take shiga kotu da sunanta, kamar yadda aka yi a Kaduna a ƙarshen 2017 lokacin da aka sanar da sallamar malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, amma matsala irin tawa ta mutum ɗaya ce, da sunana za a shigar da ita. Ƙungiyar ta rubuta wa hukuma takarda a kaina, ta kuma haɗa ni da lauyar da take yi mata aiki, aka yi yarjejeniya ƙungiya za ta ɗauki rabin kuɗin lauya ni in ɗauki rabi tare da kuɗin mota. A ranar ce kuma na leƙa ofishin Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 kuma ba a biyan ko kwabo a cikinta. Jami'in da ya saurare ni ya yi mini bayani a fili cewa suna iya bincike su rubuta wa hukumar da ake ƙorafi a kanta, matuƙar abin bai wuce wata 12 da faruwa ba, amma ba sa taɓa maganar da take gaban kotu. Hanya ce mai kyau ga wanda aka riƙe wa albashi ko fansho, sai dai ni, kamar yadda na gane daga baya, lokacin shigar da ƙara a kotu ne yake neman ƙure mini.

Ranar 5 ga Afrilu, muna cikin kwanakin farko na azumi, na zauna a gaban lauyar. Ba ta fara da tambayar labarina ba, kwanan watan takardar ta fara dubawa, ta jawo kalanda tana ƙirga. Ta ce akwai dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati kan abin da suka yi a bakin aiki sai ya shigar da ƙarar cikin wata 3. Na ce mata: "Barista, ai ban karɓi takardar ba sai 9 ga Maris." Ta ce: "Malam, ka rubuta kwanan wata a inda ka sa hannu?" Na ce ban rubuta ba. Ta ce to za mu ƙirga daga 14 ga Fabrairu, domin kada mu ba kowa ƙofa. Ta ƙara da cewa Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa wannan doka ba ta shafi kwantiragin aiki ba, sannan a 2021 ta yi wani hukunci da ya yi amfani da ita a kan ma'aikatan wata jami'a da aka kora, don haka lauya mai hankali ba ya jingina makomar mutum a kan saɓanin hukunce-hukunce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayaninta na biyu, cewa dokar da ta kafa hukumar jiharmu ta wajabta a ba ta sanarwar wata 1 kafin a kai ta ƙara, kuma wannan watan a cikin wata 3 ɗin yake. Ke nan a haƙiƙa wata 2 ne mutum yake da shi, kuma takardar koken da na rubuta ba ta tsayar da ƙirgen ba. A daren ta rubuta sanarwar, ranar 7 ga Afrilu aka kai ta hukumar da ma'aikatar shari'a ta jiha, aka karɓo hatimi.

A cikin watan jiran nan na kusa yin wani kuskure da zai iya rusa komai. Jiharmu tana cikin waɗanda suka shiga tsarin fansho na karo-karo, kuma wani abokina ya gaya mini cewa a dokar fansho ta 2014 wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Sallah tana matsowa, babu hatsi a gida, sai na je ofishin kamfanin fanshona na tambaya, suka tabbatar mini da haka, suka ce idan lokacin ya cika in zo da takardar barin aiki da sauran shaidu. Da na gaya wa lauya sai ta ce kada in kuskura. Ta bayyana mini cewa kuɗin da ke asusun nawa ne, kora ba ta cinye shi, amma duk wanda ya karɓi kuɗin barin aiki, lauyoyin ɗaya ɓangaren suna iya cewa ya amince da rabuwar, ba shi da bakin neman a mayar da shi. Na haƙura, na sayar da tumaki biyu da muke kiwo, na fara koyar da yara darasin yamma a zauren gidanmu, matata kuma ta ƙara yawan ƙosan da take soyawa. Da wannan muka rayu kusan shekara 2.

Ranar Talata 10 ga Mayu 2022 muka shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Da farko na ɗauka babbar kotun jiha za mu je, sai lauya ta ce tun bayan gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki, sashe na 254C ya keɓe duk shari'ar da ta shafi aiki da ma'aikata ga wannan kotu ita kaɗai, kuma wanda ya kai ƙararsa wata kotu ya ɓata lokacinsa ne. Kotun tana da rassa a garuruwa irin su Abuja da Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da Bauci da Yola, kuma reshen da ya fi kusa da mu tafiyar awa 3 ce a mota. Tsarinta shi ne a gabatar da komai tun ranar farko: takardar ƙara, bayanin abin da ya faru, jerin shaidu, rantsuwar kowane mai shaida a rubuce, da kwafin duk takardar da za a kafa hujja da ita. Na yi rantsuwa a gaban jami'in rantsarwa a rajistar kotun, na sa hannu a kowane kwafi. Abin da muka biya a rajista da kuɗin kai sammaci bai kai naira 15,000 ba, kuma an ba mu rasit na kowane abu. Kuɗin mota ne ya fi cin aljihuna, musamman bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da kuɗin zuwa da dawowa ya ninka fiye da sau biyu. Abubuwan da muka roƙa su ne a bayyana korar a matsayin haramtacciya, a mayar da ni bakin aiki, a biya ni albashina da alawus tun daga Janairun 2022.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana dalilin da ya sa malamin gwamnati yake iya roƙon a mayar da shi aiki, domin shi ne ginshiƙin shari'ar, kuma yawancinmu ba mu san muna da wannan gata ba. Ma'aikacin da dokar majalisa ko ƙa'idojin da aka samar daga doka suka tsara ɗaukarsa da ladabtar da shi, kotuna suna ɗaukar aikinsa a matsayin aiki mai kariyar doka. Irin wannan ma'aikaci ba a korarsa sai an bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, idan aka tsallake ko da guda, korar ta zama kamar ba a yi ta ba. Kotun Ƙoli ta kafa wannan tun a shari'ar Shitta-Bey a 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Malamin makarantar kuɗi ba ya cikin wannan rukuni, galibi diyya yake samu ba komawa aiki ba. Haka ma malamin wucin-gadi ko wanda kwamitin iyaye ya ɗauka. Shi ya sa lauya ta ce takardar tabbatarwa a aiki ta fi kowace takarda daraja a fayil ɗina. Na san malamai da dama da suka yi shekara 10 ba su taɓa bin wannan takarda ba, suna ganin tun da albashi yana shiga babu matsala.

Shari'ar ta ɗauki wata 18. An fara da hutun kotu na shekara, sannan lauyoyin gwamnati suka nemi ƙarin lokaci don shigar da martani, daga baya suka kawo suka cewa ƙarar ta makara. A nan ne ƙirgen da lauya ta yi ya cece ni, domin ko daga 14 ga Fabrairu aka ƙirga muna cikin wata 3, kuma hatimin sanarwar 7 ga Afrilu yana nan. Mai shari'a ya yi watsi da sukar, ya kuma ba mu shawarar mu gwada cibiyar sulhu ta kotun. Mun zauna sau biyu, wakilin hukuma ya ce za su iya mayar da korar ta zama ritaya. Na yi kwana biyu ina tunani, domin na gaji, kuma yayana yana cewa in karɓa in huta. Amma shekaruna 43 a lokacin, kuma karɓar ritaya tamkar amincewa ne cewa na gudu daga aiki alhali ina kwance da ƙarfe a cinya. Na ce a koma gaban alƙali. Ranar da na ba da shaida an tambaye ni ko ina son tafinta, domin da Turanci ake shari'ar, na ce zan iya, amma duk wanda bai saki jiki da Turanci ba ya nemi tafinta ba tare da jin kunya ba, haƙƙinsa ne. Lauyan gwamnati ya yi mini tambayoyi kusan minti 40, yawanci a kan dalilin da ya sa ban halarci tantancewa ba. Na amsa abin da aka tambaye ni kawai, kamar yadda aka gargaɗe ni. Da aka zo kan mai shaidar hukuma, ya ce an aika mini takardar tuhuma, lauyata ta nemi ya nuna kwafin da na sa wa hannu, ya duba fayil bai samu ba. Ta nemi rahoton kwamitin ladabtarwa, shi ma babu. Ta nuna masa shafukan littafin zuwa aiki, ya amince sa hannuna ne.

A watan Nuwamba na 2023 aka yanke hukunci. Mai shari'a ya ce ba a saurare ni ba, kuma wanda ya sa hannu a takardar ba shi da ikon korar ma'aikaci mai matakina, don haka korar ba ta da tushe, a mayar da ni aiki a biya ni duk albashin da aka riƙe. Bai ba ni diyyar wahalar da muka roƙa ba, ya ce albashin ya wadatar. Na fita waje na yi sujada a gindin wata bishiya, na kira matata, muka kasa magana mu duka biyu. Sai dai lauya ta ja ni gefe ta ce kada in ɗauka an gama, domin hukunci daban, aiwatar da shi daban. Muka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, wanda ya ɗauki mako 2, muka kai hukumar da ma'aikatar shari'a da ofishin akanta janar na jiha, kowanne da wasiƙa da hatimin karɓa. Sannan muka jira mu ga ko za su ɗaukaka ƙara, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 ana iya kai hukuncin Kotun Ma'aikata gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ita ce ta ƙarshe a irin wannan shari'a. Ba su ɗaukaka ba. Na tambayi lauya ko ba za a iya kama kuɗin daga asusun hukumar ba, ta ce ana iyawa, amma sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci yana neman amincewar antoni janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, kuma wannan wata doguwar hanya ce. Muka zaɓi bin ofisoshi da wasiƙu, ƙungiyar malamai tana tunatar da su a duk zaman da ta yi da hukuma. A watan Afrilu na 2024 aka ba ni takardar komawa aiki, aka tura ni wata makaranta, aka sake ɗaukar hoton yatsuna, a ƙarshen Mayu albashi ya shiga.

Idan na waiwaya, abubuwan da suka jawo mini wahala ƙanana ne, kuma kowa yana iya kauce musu. Duk takardar da za ta fita daga hannun ma'aikaci zuwa ofis, ko ta rashin lafiya ce ko ta neman izini, ya yi kwafinta ya karɓi hatimi, domin shaidar hedimasta ta baki ba ta shiga fayil. Duk takardar da aka ba shi ya rubuta ranar da ya karɓa kusa da sa hannunsa. Idan albashi ya tsaya wata ɗaya, ya rubuta ya tambaya a take, kada ya jira a ce kwamfuta ce. Idan aka ba shi kweri, ya amsa cikin lokacin da aka ɗibar masa ko da yana ganin zargin ba shi da kan gado, domin wanda aka ba dama ya yi shiru ba zai zo kotu ya ce ba a saurare shi ba. Ban ce kada a nemi manya su sa baki ba, al'adarmu ce kuma wani lokaci tana kashe wuta, amma a yi ta bayan an ga lauya ko jami'in ƙungiya a makon farko, ba a maimakonsu ba. Wanda ba shi da halin lauya ya tuntuɓi ƙungiyarsa, ko hukumar gwamnati mai ba marasa galihu lauya kyauta, wadda take da ofisoshi a jihohi. Ya kamata kuma in faɗi gaskiya cewa kotu ba ta wanke mai laifi don kawai malami ne. Na ga wanda ya bar aji shekara guda yana kasuwanci, aka tuhume shi aka saurare shi aka kore shi, ya kai ƙara ya faɗi, kuma a ganina daidai aka yi masa, domin yaran da aka bari babu malami su ma suna da haƙƙi.

Har yanzu akwai saura. Ariyas ɗina, wato albashin da aka riƙe mini na wata 28, an raba shi kashi huɗu, an biya biyu, ina bin biyu. Ƙarin girman da ya wuce ni a 2022 na rubuta a kansa, an ce sai zaman kwamiti na gaba. Da na karɓo bayanin asusun fanshona kuwa, na ga babu ko kwabo da aka zuba a watannin da nake waje, ba kasona ba, ba na gwamnati ba, alhali hukuncin ya nuna aikina bai taɓa yankewa ba. Lauya ta rubuta wa hukumar fansho ta jiha a kan haka, na kai wasiƙar da kaina, an buga mini hatimi, an ce in dawo bayan mako 6 da takardun albashina na kafin kora da kwafin hukuncin kotu.